Ƙurar da nake kakkaɓewa a bakin ƙofa

Kusan shekara arba'in na yi da maigidana ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan fara yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ba. Malam nake ce masa, haka zan ci gaba da kiransa a nan. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar da ya sha ta zame masa kaffara.

Bazazzagi ne. Ya zo Ingila karatu a farkon shekarun 1970, kuɗin makaranta suka yanke masa a tsakiyar hanya, ya ga ba zai iya komawa gida hannu rabbana ba, sai ya shiga neman aiki. Abin da ya samu a Manchesta shi ne wani ƙaramin kamfani mai gyaran manyan tukwanen tururi da bututun ɗumama gine-gine, a masaƙu da makarantu da ofisoshi. A zamanin ana naɗe waɗannan bututun da wani farin abu mai kama da busasshiyar auduga, saboda yana riƙe zafi kuma wuta ba ta cin sa. Shi ne asbestos. Dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, idan aka farfasa shi sai ya tsattsage ya zama zare-zare, sirara ƙwarai, har wasu ido ba ya ganin su. Aikin Malam shi ne ya ɓamɓare tsohon naɗin da guduma, ya share, ya ɗura a buhu, wani lokaci kuma ya yanka allunan asbestos da zarto. Yawanci a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke yi, inda babu ko taga. Ya taɓa ce mini idan aiki ya yi nisa, ɗakin yakan koma kamar hanyar Kano ranar da hazo ya sauka, kana jin muryar abokin aikinka amma da ƙyar kake hango shi.

A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗaura mana aure aka kawo ni. Ina yarinya, ban san kowa ba, ban iya Turanci ba, abin da na iya shi ne hidimar miji. Duk yamma idan ya dawo, zai tuɓe rigar aikinsa mai haɗe da wando a bakin ƙofar baya, ni kuma in ɗauka in kakkaɓe ta kafin in jiƙa. Har yau ina ganin abin a idona: hasken fitilar kicin ya faɗo waje, ina kaɗa rigar, farar ƙura tana tashi tana yawo a cikin hasken, tana sauka a kan ɗankwalina. Gashin girarsa ma fari yake dawowa da shi, in riƙa tsokanarsa wai ya tsufa tun bai haihu ba. Bayan 'yan shekaru ya bar aikin ya koma tuƙin bas, a nan ya zauna har ya yi ritaya. Muka haifi 'ya'ya huɗu, muka sauke farali tare, muka manta da wata ƙura.

A salla na fara gane akwai matsala. Malam mutum ne mai tsayuwar dare, kuma yana da dogon numfashi, yakan ja aya mai tsawo bai yanke ba. Sai na fara jin yana tsayawa a tsakiyar aya, inda ba wurin tsayawa ba, ya ja iska, sannan ya koma baya kaɗan ya ɗora. Na yi masa magana ya ce sanyi ne. Daga nan hawa benen gidanmu ya zama sai ya huta a tsakiya. Sai ciwo a gefen ƙirji na dama, wanda ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Da ƙyar babbar 'yarmu ta ja shi wurin likita. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ga ruwa ya taru a gefen huhu, aka zuƙe, bayan 'yan makonni ya sake taruwa. Sai suka yanko ɗan nama kaɗan daga ciki suka kai gwaji.

Ranar da muka je karɓar sakamako, kafin likitan ya faɗi komai sai ya tambaye shi: “Wane irin aiki ka yi a rayuwarka?” Malam ya ce direban bas. Likita ya ce, kafin nan fa? Malam ya yi shiru yana tunani, don shi a wurinsa wancan aikin tsohon labari ne. Da ya ambaci bututu da tukwane, sai na ga likitan da nas ɗin da ke gefensa sun dubi juna.

Sunan cutar mesoteliyoma. Sankara ce da ke kama siririn tantanin da ya lulluɓe huhu, kuma kusan duk wanda ta kama, idan aka bi sawu, za a tarar ya shaƙi asbestos. Zaren yana shiga ya maƙale, jiki ba ya iya narkar da shi ko fitar da shi, sai ya kwanta shiru shekara ashirin, talatin, har hamsin, kafin ya tashi. Ba ruwanta da shan taba, Malam kuwa bai taɓa sa sigari a bakinsa ba. Suka gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ba a warkewa, sai dai a rage mata gudu a sauƙaƙa zafi, kuma mafi yawan masu ita ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Malam ya ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya yi wa likita godiya, ya tashi. A mota ba wanda ya ce uffan.

Nas ɗin ce ta biyo mu da wata takarda, ta ce akwai haƙƙoƙin da doka ta ba mai wannan cuta, kuma kada mu yi jinkiri. A nan rigima ta fara, domin Malam ya ce atafau. “Hajiya, ciwo daga Allah yake. Ni ba zan je kotu in ce wani ne ya sa mini ba. Mutanen nan sun ba ni aiki lokacin da ba ni da abin sawa a baki. Yanzu in tashi in ci kuɗin cutata?” Yara suka yi juyin duniya, ya ƙi. Ni kaina a lokacin zuciyata tana tare da shi. Mun taso ana gaya mana mumini yana karɓar ƙaddara, mai kyau da marar kyau, kuma akwai wata kunya a ce an ga dattijo yana bin lauyoyi yana kan gargara. Mako uku takardar nan tana kan firij ba wanda ya taɓa ta.

Babban ɗanmu ne ya je ya ɗauko limamin masallacinmu ba tare da ya gaya wa mahaifinsa ba. Liman ya zauna ya saurare shi har ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya ce: “Alhaji, wanda aka kashe bisa kuskure, shi ma ai ajalinsa ne ya zo. Amma duba aya ta 92 a Suratun Nisa'i, Allah da kanSa Ya wajabta a miƙa diyya ga iyalinsa. Da karɓar diyya jayayya ce da ƙaddara, da ba a saukar da ita ba. Yafiya alheri ce, ayar ma ta ambace ta. Sai dai ka fara sanin me aka yi maka kafin ka yafe, kuma ka tuna akwai haƙƙin waɗannan a ciki.” Ya nuna mu. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai yarda wata mata daga ƙungiyar masu taimaka wa waɗanda asbestos ya cutar ta zo ta yi bayani.

Bayanin matar nan ne ya juya shi. Shi duk zatonsa a wancan lokacin babu wanda ya san abin yana kisa, kowa a duhu yake. Sai ta ba mu labarin Nellie Kershaw, wata ma'aikaciyar masana'antar asbestos a Rochdale, nan kusa da mu, wadda ta rasu a 1924 tana da shekara 33, huhunta ya lalace da ƙura. Rasuwarta ce ta fara shiga littattafan likitoci a kan wannan ƙura. Ba a biya ta diyya ba, kuma a kabarin da ba shi da ko alama aka binne ta. A 1931 gwamnati ta kafa dokar farko a kan ƙurar asbestos a masana'antu. A 1960 wani likita mai suna Wagner da abokan aikinsa suka nuna alaƙar asbestos da mesoteliyoma a yankin ma'adinai na Afirka ta Kudu. A 1969 aka yi sabuwar doka mai faɗi, ta fara aiki a 1970, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin janye ƙurar, ko su ba da abin kare numfashi da kayan kariya. Wato ranar da Malam ya fara riƙe guduma, doka tana nan a rubuce. Ba a ba shi takunkumi ba, ba a ce masa ya jiƙa abin da ruwa kafin ya fasa ba, ba a ce masa komai ba. Sai a 1985 aka haramta nau'i biyu mafiya haɗari, shuɗi da ruwan ƙasa, farin kuma sai a 1999. Har yanzu kusan mutum 5,000 ne ke mutuwa duk shekara a Birtaniya saboda asbestos, sama da 2,000 daga cikinsu da irin cutar Malam.

Sai ta juyo gare ni ta ce, wa yake wanke masa kayan aiki? Na ce ni. Ta ce kina kakkaɓewa? Na ce kullum. Ta yi ɗan jim, sannan ta ce tun a 1965 wani bincike a Landan ya nuna cutar tana kama matan da ke wanke kayan mazajensu, har da mutanen da kawai suke zaune kusa da masana'anta. Ta ce haɗarin nawa bai kai nasa ba ko kusa, amma in gaya wa likitana ya rubuta a fayil ɗina.

A daren, na farka na tarar da shi zaune a bakin gado yana kuka. Tun rasuwar mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba. Ya ce: “Hajiya, ki yafe mini. Na ɗauko ki daga gidan iyayenki lafiya lau, na riƙa kawo miki guba a riga kina kaɗawa.” Na ce Malam, me ka sani? Ya ce ai shi ke nan, ni ban sani ba, amma akwai waɗanda suka sani. Da gari ya waye ya ce a kira lauya.

Kuɗin gwamnati su suka fara zuwa, kuma ba a wahalar da mu ba. Akwai alawus na mako-mako ga wanda aiki ya nakasa, kuma mai mesoteliyoma kai tsaye ake lissafa shi a matsayin wanda ya nakasa ɗari bisa ɗari. Akwai kuma kuɗi dunƙule a ƙarƙashin wata doka ta 1979, wanda ya fi yawa idan majinyacin ne ya nema da ransa a kan idan magada suka nema bayansa. Matar ƙungiyar ce ta cike mana takardun a kan teburin cin abincinmu. Ta kuma gaya mana tun farko cewa idan aka ci nasara a shari'a za a cire wannan dunƙulen daga diyyar, don kada mu ga kamar an zalunce mu.

Shari'ar ita ce mai wuya, domin kamfanin ya rushe tun tuni, masu shi ma sun mutu. Na ce to wa za a kama? Lauyar ta ce inshora. Tun daga 1972 doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshora, kuma wanda ya karɓi kuɗin inshorar a shekarun da aka shaƙi ƙurar, shi ne zai biya ko bayan shekara nawa ne. Ta rubuta wa ofishin haraji suka aiko da jerin duk wuraren da Malam ya yi aiki, shekara bayan shekara. Da wannan ta shiga rumbun da aka kafa a 2011 don gano tsofaffin inshorar ma'aikata. Ta ce ko da ba a samu ba, akwai wani asusu da dokar 2014 ta kafa domin waɗanda kamfaninsu da inshorarsu duk suka ɓace. Allah Ya taimake mu, aka samu. Ta kuma ja mana kunne cewa wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne daga ranar da mutum ya san cutarsa, amma a irin wannan ciwo wa'adin da ya fi matsa mana shi ne numfashin Malam, domin babu shaidar da ta kai bakinsa.

Kwana biyu ta yi tana zuwa tana ɗaukar bayaninsa. Yana kishingiɗe da robar oksijin a hanci, ya faɗi jimla biyu ya huta. Tana tambayarsa abubuwan da ni ban taɓa tunanin tambaya ba: yaya launin abin yake, da me ake fasawa, wa yake shara, sau nawa a mako, akwai fanka, akwai wurin wanka, a ina ake cin abincin rana. Ya ce a kan buhunan suke zama su ci burodi. Ya tuna sunan titi, ya tuna launin motar kamfanin, ya tuna wani ɗan Ayalan da suka yi aiki tare, wanda yake tsare masa ƙofa idan zai yi azahar. Ni da na zauna da shi shekara da shekaru, a wannan kwana biyun na san yadda ya ciyar da ni a farkon aurenmu. Yara suka bi sawun ɗan Ayalan ɗin har suka same shi, tsoho tukuf, shi ma yana fama da ƙirji. Ya ba da shaida, ya kuma zo har gida. Suka riƙe hannun juna sun daɗe ba su saki ba.

Masu inshora sun fara da ja-in-ja, wai a kawo hujjar cewa ƙurar ta kai yawan da za ta yi illa, wai ko a wani wuri ya shaƙa. Wannan ya ƙona mini rai matuƙa, mutum yana ramewa a gabana ana aiko da wasiƙu. Amma waɗanda suka riga mu sun share hanya. Tun shari'ar Fairchild a 2002, kotun ƙoli ta wancan lokaci ta ce ba a buƙatar majinyaci ya nuna a wurin wa ya shaƙi zaren da ya kashe shi, tunda babu likitan da zai iya sani, ya isa a nuna sakacin mai aikin ya ƙara masa haɗari sosai. Dokar 2006 kuma ta ce ko wurare da yawa ya yi aiki, kowane ɗaya daga masu sakacin ana iya kama shi da cikakkiyar diyya. Babbar kotu tana da layi na gaggawa don masu wannan cuta. Da aka kai can, alƙali ya ce su kawo dalilin da zai hana a yanke hukunci a kansu, suka kasa. Aka ba da umarnin biyan fam 50,000 na wucin gadi, wanda shi ne abin da aka saba bayarwa kafin a gama lissafi. Da shi muka sa kujerar hawa bene, muka ɗauki mai taya ni jinyar dare, muka biya wa ƙaninsa kuɗin jirgi ya zo suka yi sallama.

Wata goma sha huɗu ya yi bayan an gano cutar. Ya rasu a gida, da asuba, kansa a kan cinyar babban ɗansa.

Akwai abin da nake so duk Musulmin da ke ƙasar nan ya sani tun kafin ranar ta zo. Idan ana zaton aiki ne ya jawo mutuwa, dole a sanar da alƙalin binciken musabbabin mutuwa, kuma gawa tana hannunsa sai ya sake ta. Yana iya cewa sai an buɗe ta. Nas ɗinmu, Allah Ya saka mata, ta gaya mana wannan tun Malam yana da rai, aka tanadi sakamakon gwajin naman da aka yanka da kuma bayanin da ya sa wa hannu. Da waɗannan alƙalin ya gamsu, ba a taɓa jikinsa ba. Duk da haka sai da ya kwana biyu. A kwana biyun nan waya ba ta huta ba daga Zariya: me kuke jira, ko saboda kuɗi kuka ajiye bawan Allah? Wannan maganar ta fi mini komai ciwo, kuma daga bakin waɗanda nake jin kunya ta fito. Ban mayar ba. Bayan watanni aka yi zaman binciken, aka rubuta a takarda cewa cutar aiki ce ta kashe shi.

Na fita takaba da 'yan makonni aka kammala sauran diyyar. Ba zan faɗi adadin ba. Wani kaso doka ta ware mini a matsayin wadda yake ciyarwa, sauran ya shiga dukiyarsa aka raba gado yadda ya yi wasiyya, bisa shari'a, na karɓi tumunina. Ranar da kuɗin suka shigo ban ji daɗi ba, ban kuma ji kunya ba. Takardar alƙalin nan ita na fi riƙewa, tana cikin jakar da nake ajiye fasfo. Ni kuma duk lokacin da tari ya wuce mini mako biyu, sai in kasa barci har sai an ɗauki hoto. Zuwa yau ba a ga komai ba, alhamdulillahi.

Bara na je gida. Ƙanena yana gyaran tsohon gidan mahaifinmu, irin ginin nan mai silin asbestos da kowa ya sani a gidajen ma'aikata da azuzuwan makarantu. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne, fasa shi ne masifa. Ina shiga zaure na ji ƙarar guduma. Yara uku ne a ɗakin mahaifiyarmu suna farfasa silin yana zubowa, ɗaya yana shara da busasshiyar tsintsiya. Hasken rana ya shigo ta taga, ƙurar tana yawo a cikinsa. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Ƙanena ya fito a guje yana cewa, “Yaya, lafiya?” Na ce a tsaya. Na sa aka jawo ruwa aka jiƙa komai sharkaf, aka aika kasuwa neman takunkumi mai matatar iska, na ce sauran allunan a kwance su ɗai-ɗai kada a fasa, kayan jikinsu kuma kada wanda ya kai wa uwarsa ko matarsa wanki. Suna ta kallona, na san a ransu cewa suke Hajiyar Ingila ta zo da tsirfa.

Na kira mai sharar, gashin girarsa fari fat. Na ce shekararka nawa? Ya ce sha tara, Mama. Na yi lissafi a zuciyata, na ga lokacin da abin zai iya tashi, in ya tashi, ni ba na nan, mai kwangilar ma wataƙila ba ya nan. Na yagi takarda daga littafin ƙanena na rubuta kwanan wata, da unguwar, da sunan wanda ya ɗauke su aiki, da kalmar asbestos da manyan baƙaƙe. Na yi guda uku, kowa da tasa. Na ce ku adana, duk ranar da ƙirji ya dame ku, ko kun tsufa, ku nuna wa likita. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta huɗu, ya tura a aljihun wandonsa.